Zaɓen Paris da Lyon: Kafin ka rubuta sunan ɗan zango a kan ƙuri'arka, karanta wannan



Ranar Lahadi 15 ga watan Maris 2026 za a yi zagayen farko na zaɓen ƙananan hukumomi a faɗin Faransa, zagaye na biyu kuma ranar 22 ga watan. A 'yan makonnin nan wata magana tana yawo tsakanin mutanenmu na Paris da Lyon, a wuraren hira da cikin saƙonnin murya. Maganar ita ce, tunda jam'iyyu ba sa sa 'ya'yanmu a gaba, mu haɗa kai mu tsayar da mutum ɗaya daga cikinmu, ranar zaɓe kowa ya ɗauki biro ya rubuta sunansa a kan takardar ƙuri'a, kamar yadda ake yi a Amurka.

Ni na fara jin ta ne bayan sallar Juma'a a wajen Château Rouge, a gunduma ta 18 ta Paris. Wani dattijo da muke girmamawa ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, ku da kuke tara yara, me ya hana ku yi mana wannan? Ai an ce wata mata ta ci kujerar sanata a Amurka alhali sunanta ba ya kan takarda." Na ce, "Baba, labarin gaskiya ne, amma rabinsa aka ba ku. Ku ba ni lokaci in rubuta muku sauran." To ga cika alƙawari.

Amsar a taƙaice ita ce: a wannan zaɓe, duk wanda ya rubuta suna ko ya soke suna a kan takardar ƙuri'a a Paris ko Lyon, ya lalata ƙuri'arsa. Ko a Amurkar da ake kafa hujja da ita, a yawancin jihohi rubutun ba ya aiki sai idan mai sunan ya riga ya yi rajista da hukumar zaɓe.

Yadda abin yake a Amurka

A Amurka takardar ƙuri'a guda ce mai ɗauke da sunayen 'yan takara, a ƙasan sunayen kuma ana barin layi babu komai a kansa. Mai zaɓe yana iya cike ɗan da'irar da ke gefen layin, ya rubuta sunan wanda ransa yake so. Wanda ake neman ƙuri'a dominsa ta wannan hanya shi za mu kira ɗan takarar rubutun hannu.

Kowace jiha da dokarta. Akwai jihohin da ba su yarda da abin ba sam, irin su Hawaii da Nevada da Oklahoma. A 1992 har gaban kotun ƙolin ƙasar aka kai maganar, kotu ta ce Hawaii ba ta saɓa wa tsarin mulki ba don ta hana. Akwai jihohi ƙalilan da ke ƙirga duk sunan da aka rubuta, kamar New Hampshire, inda magoya bayan Joe Biden suka rubuta sunansa har ya ci zaɓen fid da gwani a watan Janairun 2024. Amma mafi yawan jihohi sun tsaya a tsakiya. Suna barin layin, sai dai ba za su ƙirga suna ba sai na wanda ya je ofishin zaɓe tun da wuri, ya cike takarda ya bayyana cewa yana neman kujerar. A Ohio sai an yi haka kwana 72 kafin zaɓe, a Kalifoniya kwana 14. Wanda ya cika wannan sharaɗi shi ne ɗan takarar rubutun hannu na hukuma. Sunansa ba ya kan takarda, amma yana cikin kundin masu ƙirga. Duk wani suna da ba ya cikin kundin, ko mutum dubu goma suka rubuta shi, ba a ba shi ko ƙuri'a ɗaya.

Matar da Baba yake magana a kai ita ce Lisa Murkowski ta jihar Alaska. A watan Agustan 2010 ta faɗi zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Republican a hannun Joe Miller. Ta yi rajista a matsayin 'yar takarar rubutun hannu, a watan Nuwamba mutane sama da dubu ɗari suka rubuta sunanta, ta ci da ratar ƙuri'u kusan dubu goma. Kafin ita, wanda ya taɓa cin kujerar sanata ta wannan hanya shi ne Strom Thurmond, tun a 1954.

Ga rabin labarin da ba a faɗa. Murkowski sanata ce mai ci a lokacin, mahaifinta ya yi sanata ya yi gwamnan jihar, babu gidan da ba a san sunansu ba. Duk da haka sai da ta kashe kuɗi masu yawa wajen koya wa mutane yadda ake rubuta sunanta harafi bayan harafi, har da raba abin ɗaurawa a hannu mai ɗauke da sunan. Bayan zaɓe abokin takararta ya kai ƙara yana neman a zubar da duk ƙuri'ar da aka yi kuskuren harafi a cikinta. Sai a watan Disamba kotun ƙolin jihar ta yanke cewa in dai an gane wanda mai zaɓe yake nufi, ƙuri'ar tana nan.

Haka Byron Brown, tsohon magajin garin Buffalo a jihar New York. Ya faɗi zaɓen fid da gwani a 2021 a hannun India Walton, ya dawo ta hanyar rubutun hannu ya ci wa'adi na biyar. Mutanensa har hatimin roba mai sunansa suka raba, don mai zaɓe ya buga kawai kada ya yi kuskure. Ku duba waɗannan mutane da kyau: shugaban ƙasa mai ci, sanata mai ci, magajin gari mai ci. Rubutun hannu ƙofa ce da manya suke dawowa ta cikinta idan jam'iyyarsu ta rufe musu babbar ƙofa. Da wuya ka ga ta buɗe wa baƙon fuska.

Yadda ake jefa ƙuri'a a Faransa

Wanda ya saba da zaɓen Gana ko Najeriya, inda ake dangwala yatsa a kan takarda ɗaya, zai ga na Faransa daban. A nan kowane ɗan takara ko kowane jerin 'yan takara yana da takardarsa da aka buga. Za ka tarar da su jere a kan tebur. Ka ɗauki ambulan, ka ɗauki takardu aƙalla biyu don kada a gane wanda za ka zaɓa, ka shiga ɗan ɗaki mai labule, ka sa takarda ɗaya cikin ambulan, ka fito ka jefa a akwati mai gani-har-hanji, ka sa hannu a rajista. Babu layin da aka bari don rubutu, babu wurin dangwale. Ba a buƙatar biro sai wajen sa hannu.

Dokar zaɓe ta lissafa abubuwan da ke lalata ƙuri'a. Duk takardar da aka yi wa alama, ko aka rubuta wata magana a kanta, ko mai zaɓe ya bayyana kansa a jikinta, ta lalace. Takardu biyu na 'yan takara daban-daban a ambulan ɗaya, sun lalace. Takarda mai sunan wanda bai yi rajistar takara ba, ta lalace. A zaɓen shugaban ƙasa ma, sunan da ba ya cikin jerin da Majalisar Tsarin Mulki ta fitar ba a ƙirga shi, kuma shiga wannan jeri sai da sa hannun zaɓaɓɓu 500 daga yankuna aƙalla 30.

Akwai wani wuri da rubutun hannu yake da daraja, kuma ya kamata mu san shi. A zaɓen 'yan majalisar dokoki ta ƙasa, idan ka ɗauki farar takarda ka rubuta sunan ɗan takarar da kake so, ka bi shi da sunan wanda ya ajiye a matsayin mai maye gurbinsa, ƙuri'arka tana nan daram. Amfanin wannan shi ne, a Faransa ɗan takara ne yake biyan kuɗin buga takardunsa, gwamnati ba ta mayar masa sai ya samu kashi 5 cikin ɗari na ƙuri'u. Ƙaramin ɗan takara da bai iya buga takardu isassu ba, magoya bayansa suna iya rubuta shi da hannu. Amma ku lura, dole ya kasance ya riga ya kai takardunsa ofishin wakilin gwamnati na yankin, wanda 'yan uwanmu na Nijar ke kira firefe, an karɓa. Wato Faransa ma tana da nata ɗan takarar rubutun hannu, shi ma na hukuma ne. Zaɓen watan Maris kuma ba irin wannan ba ne. Zaɓen jerin sunaye ne, kuma a Paris da Lyon takardar da aka rubuta da hannu a zaɓen jeri lalatacciya ce.

Ƙofar da aka rufe a ƙauyuka

Waɗanda suka daɗe a Faransa suna iya cewa, ai mun taɓa jin ana ƙara suna a takarda. Ba su yi ƙarya ba. Tun daga dokar ƙananan hukumomi ta 1884, mutanen ƙananan garuruwa suna da 'yancin gauraya sunaye, abin da Faransawa ke kira fanashaj. Mai zaɓe yana iya soke wanda ba ya so a jeri, ya ɗauko wani daga jerin abokan hamayya, ko ya ƙara sunan maƙwabcinsa da bai ma nemi kujera ba. Har zuwa zaɓen 2008, a garin da mutanensa ba su kai 3,500 ba, mutum yana iya wayar gari ya ji an zaɓe shi kansila alhali bai tsaya takara ba.

An rufe wannan ƙofa ne a mataki biyu. Dokar 17 ga Mayu 2013 ta taƙaita gaurayen suna ga garuruwan da ba su kai mutum 1,000 ba, ta kuma wajabta wa kowa ya yi rajistar takara. Daga zaɓen 2014, kana iya rubuta suna, amma ba a ƙirga shi sai mai sunan ya yi rajista. Wannan daidai yake da tsarin Ohio da Kalifoniya. Sai dokar 21 ga Mayu 2025 ta ƙarasa aikin. Daga zaɓen wannan Maris, ƙananan garuruwan nan, waɗanda sun kai kusan 25,000 cikin kusan 35,000 da ƙasar take da su, za su koma zaɓen jeri, namiji da mace bi da bi. Soke suna ko ƙara suna zai lalata ƙuri'a a can ma.

Masu goyon bayan gyaran, ciki har da ƙungiyar magadan gari ta ƙasa, sun kawo hujja biyu. Ta farko, mata ba su kai kashi 40 cikin ɗari na kansilolin ƙananan garuruwa ba, alhali a garuruwan da ake zaɓen jeri sun kusa rabi. Ta biyu, soke suna ya zama hanyar ramuwar gayya, har ana yi masa laƙabi da harbin tantabaru. Magajin garin da ya hana wani izinin gini, ko ya tsawata kan wata rigimar fili, shi ake fara sokewa. Masu adawa kuma suka ce a ƙauye da yawa jeri ɗaya ne kawai zai fito, kuma idan an hana mutane gyara shi, zaɓen ya zama na jeka-na-yi-ka. Duka ɓangarorin suna da abin faɗa. Abin da ya shafe mu shi ne, daga zaɓen 2026 ko a ƙananan garuruwan nan ba za a ƙara sunan wani a kan jeri a ƙirga masa ba.

Abin da ya canza a Paris da Lyon

Paris da Lyon da Marseille sun daɗe da tasu doka daban, wadda aka yi ranar 31 ga Disamba 1982 a zamanin ministan cikin gida Gaston Defferre. A ƙarƙashinta mutum yana zaɓe ne a gundumarsa kawai, waɗanda ke saman jerin kowace gunduma su ne suke hawa majalisar birni, majalisar kuma ta zaɓi magajin gari. Wannan tsari ya sa ana iya cin birni da ƙuri'u ƙasa da na abokin hamayya. Shi kansa Defferre haka ya riƙe Marseille a 1983.

Dokar 11 ga Agusta 2025 ta sauya wannan. Yanzu mai zaɓe a Paris zai jefa ƙuri'a biyu a rana ɗaya: ɗaya ta majalisar gundumarsa, ɗaya ta majalisar birni mai kujeru 163, wadda duk birnin zai zaɓa a matsayin mazaɓa guda. A Lyon ƙuri'a uku ce: ta gunduma, ta majalisar birni mai kujeru 73, da ta majalisar babban yankin Lyon mai kujeru 150, wadda ke riƙe da harkar sufuri, ruwa, shara da tallafin jama'a. Kowanne da akwatinsa da ambulan ɗinsa. Iyayenmu su kula sosai a nan, domin takardar gunduma da ta faɗa akwatin birni ta tafi a banza.

Har yanzu ba jama'a ne suke zaɓen magajin gari kai tsaye ba, kansiloli ne suke zaɓensa bayan an kammala. Amma wanda ke kan gaba a jerin da ya ci shi ne ake sa ran zai hau. A Paris, Anne Hidalgo da ta hau kujerar a 2014 ta ce ba za ta sake tsayawa ba, cikin manyan masu neman kujerar akwai Emmanuel Grégoire da Rachida Dati. A Lyon, magajin gari mai ci Grégory Doucet zai kara da Jean-Michel Aulas, wanda masu kallon ƙwallo suka sani, domin shi ne shugaban ƙungiyar Lyon lokacin da Michael Essien yake buga mata wasa daga 2003 zuwa 2005. Wannan shafi ba ya gaya wa kowa wanda zai zaɓa. Muna dai so ƙuri'ar kowa ta shiga lissafi.

Ga yadda ake raba kujeru. Jerin da ya samu fiye da rabin ƙuri'u a zagayen farko ya ci. In babu, a tafi zagaye na biyu. Jerin da ya samu kashi 10 cikin ɗari yana iya ci gaba, wanda ya samu kashi 5 yana iya haɗewa da wani. A majalisar birni, jerin da ya zo na ɗaya ana ba shi kashi ɗaya cikin huɗu na kujeru a matsayin tukuici, sauran a raba tsakanin duk jerin da suka kai kashi 5 gwargwadon ƙuri'unsu.

Lalatacciyar ƙuri'a tana taimakon wanda ba ka so

Wasu matasa sun ce mini, to ko ba a ƙirga ba, ai za a ga sunan, za a san mun yi fushi. A nan ne nake ganin babban kuskure.

Duk waɗannan kaso da na ambata, na 5 da na 10, ana lissafa su ne a kan ƙuri'u masu kyau kawai. Bari mu yi misali. A ce mutum 1,000 suka yi zaɓe, jerin da kake ganin yana ƙin baƙi ya samu 95. Wannan kashi 9.5 ne, bai kai zagaye na biyu ba. Amma idan mutum 60 cikin dubun nan sun rubuta sunan ɗan zango sun lalata ƙuri'unsu, za a lissafa 95 ɗin ne a kan 940, ya zama sama da kashi 10. Da hannunmu mun tsallakar da shi.

Sannan su wa za su ga sunan? Mutum huɗu da ke zaune a teburin ƙirga. Za su ware takardar, a sa mata hannu, a haɗa ta da rahoton rumfa. A sakamakon da za a bayyana adadi ne kawai zai fito, tare da na waɗanda suka yi zane ko zagi. A zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa na 2017, lalatattun ƙuri'u sun haura miliyan ɗaya, kuma babu wanda ya san abin da ke rubuce a kansu.

Wanda ya ƙudurta cewa ba zai zaɓi kowa ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi: akwai farar ƙuri'a. Ka jefa ambulan babu komai a ciki, ko ka sa farar takarda marar rubutu. Tun dokar 21 ga Fabrairu 2014 ana ƙirga ta daban da lalatacciya, ana bayyana adadinta. A wancan zaɓe na 2017 fararen ƙuri'u sun kai miliyan uku. Sai dai ita ma ba ta shiga lissafin kaso, don haka saƙo ce kawai, ba ta hana kowa kujera.

Mutanen gida sun san zafin wannan. A zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasar Gana na 2008, ƙuri'un da aka ƙi karɓa sun haura dubu ɗari biyu, alhali ratar da ta raba John Atta Mills da Nana Akufo-Addo a ƙarshe kusan dubu arba'in ce. A Gana ma babu layin rubuta suna. Mai son tsayawa ba tare da jam'iyya ba sai ya cike takardun hukumar zaɓe hotonsa ya hau takarda. Haka Andrew Asiamah Amoako ya yi a Fomena a 2020, ya ci a matsayin indifenda, manyan jam'iyyu biyu suka yi kunnen doki da kujeru 137 kowacce, shi kaɗai ya zama mai raba gardama har ya samu muƙamin mataimakin kakakin majalisa na biyu. Ya kai nan ne saboda ya yi rajista a kan lokaci.

To ina ƙofar take?

Koken Baba gaskiya ne. Zaɓen jeri yana ba shugabannin jam'iyya ƙarfi mai yawa, domin su ne suke tsara wanda zai zo na uku da wanda zai zo na ɗari da hamsin. Sau da yawa ana sa ɗan baƙi a can ƙasan jeri don hoto ya yi kyau, a wurin da kowa ya san ba zai taɓa shiga majalisa ba. Kuma kafa namu jerin na birni ba ƙaramin aiki ba ne: a Paris sai an samu mutum 163, namiji da mace bi da bi, kowanne da takardunsa. Tun dokar 31 ga Janairu 2018, kowane ɗan takara sai ya rubuta da hannunsa cewa ya yarda a sa shi a jerin, saboda an taɓa samun waɗanda aka sa sunansu ba da saninsu ba. Rubutun hannun da doka take nema a wannan zaɓe na ɗan takara ne, kuma ofishin firefe ake kai shi.

A ganina ƙofar da ta fi kusa da mu ita ce majalisar gunduma. Paris tana da gundumomi 20, an haɗe huɗun farko wuri ɗaya tun 2020, Lyon tana da 9. Jerin gunduma gajere ne, kuma masu tsara shi suna neman mutanen da unguwa ta sani: mai koyar da yara ƙwallo, shugabar ƙungiyar iyayen 'yan makaranta, mai magana da yawun masu haya. Kamar asambiliman ne a Nima ko Aboabo, aikinsa na kusa da jama'a ne, kuma daga nan ake hawa. Abin da ke sa a ba mutum wuri mai kyau a jeri shi ne a san yana da jama'a masu rajista a bayansa. Idan matasan Goutte d'Or ko Guillotière suka je gaban mai tsara jeri da sunayen mutum ɗari uku masu katin zaɓe, za a saurare su. Idan suka je da fushi kawai, za a ba su shayi a sallame su.

Kuma fili a buɗe yake. A zaɓen 2020, da ya faɗo lokacin annobar korona, fiye da rabin masu rajista a ƙasar ba su fito ba. Inda mutane ba sa fita, ƙaramar jama'a mai haɗin kai tana da nauyin da ya fi yawanta.

Abin da ya kamata mu yi, da ranakunsa

Na farko, rajista. Ranar ƙarshe ta shiga kundin masu zaɓe a ofishin magajin gari ita ce Juma'a 6 ga Fabrairu, ta intanet kuma ana rufewa kwana biyu kafin nan. Yaran da suka cika shekara 18, da waɗanda suka samu takardar zama 'yan ƙasa daga 2019 zuwa yau, ana sa su kai tsaye. Amma wanda ya canza gida ya duba, domin sunansa na iya kasancewa a tsohuwar unguwa.

Na biyu, masu fasfo na wata ƙasar Tarayyar Turai. Akwai 'yan zango da yawa da suka zauna a Italiya ko Jamus ko Sifen suka samu takardar can kafin su dawo Faransa. Su ma suna da 'yancin zaɓen ƙananan hukumomi, har su tsaya takarar kansila, sai dai ba za su zama magajin gari ko mataimakinsa ba. Su ba a sa su kai tsaye, dole su je su nemi a sa su a kundi na musamman.

Na uku, masu katin zama kawai. Doka ba ta ba su ƙuri'a ba. François Mitterrand ya yi alƙawarin ba baƙi wannan dama a 1981, François Hollande ya maimaita a 2012, har yau ba a yi ba. Kada kowa ya yaudare su. Amma suna iya shiga majalisun unguwa, su raka tsofaffi rumfa, su taimaka wajen rajistar 'ya'yansu.

Na huɗu, takara. Za a rufe karɓar jerin sunaye ranar Alhamis 26 ga Fabrairu da ƙarfe shida na yamma. Duk wanda muke so ya wakilce mu, sunansa ya shiga wani jeri kafin wannan lokaci, in ba haka ba sai wani zaɓen.

Na biyar, masu tafiya. Idan lissafi ya tafi daidai, zagayen farko zai faɗo a goman ƙarshe na azumi, na biyu kuma 'yan kwanaki bayan ƙaramar sallah. Mai niyyar Umara ko zuwa gida sallah ya wakilta wani mai rajista da ya amince da shi ya jefa masa. Ana fara cike takardar ta intanet, a tabbatar da ita a ofishin 'yan sanda. A yi da wuri.

Na shida, ƙirga. Ana ƙirga ƙuri'u a bainar jama'a bayan an rufe rumfa, a Paris da ƙarfe takwas na dare, kuma duk mai rajista yana iya neman a sa shi cikin masu buɗe ambulan. Ina roƙon matasanmu su yi wannan ko sau ɗaya. Wanda ya ga yadda ake ware lalatacciyar ƙuri'a gefe da idonsa, ba zai sake ba wani shawarar rubutu a kan takarda ba.

Baba, ga amsar tambayarku. Niyyarku mai kyau ce, muna tare da ku a kan cewa lokaci ya yi da ɗan zango zai zauna a inda ake yanke shawarar gidajen haya, makarantu da kasuwannin unguwanninmu. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ku taimake mu da kiran iyaye su duba rajistar 'ya'yansu kafin 6 ga Fabrairu, ku kuma isar wa duk wanda saƙon muryar nan ya kai gare shi cewa ranar zaɓe ya bar takarda yadda ya same ta.

Allah ya kai mu lokacin lafiya, ya zaɓa mana mafi alheri.